Na Fasa Daɓen Hajiya

Har yau idan lori ta tsaya a ƙofar gida ba a kashe injinta ba, sai na nemi bango na jingina. Ba ƙarar ce ke kayar da ni ba, warin ne. Warin man dizal. Da shi na baro Salaga, ina kwance rub da ciki a bayan lorin doya, fuskata manne da katakon da ya sha mai ya ƙoshi, hannun Mma, mahaifiyata, a ƙeyata tana danna ni ƙasa, mutane na ihu a waje. Kusan ban ga komai ba a ranar. Abin da na shaƙa shi ya zauna mini. Shekarar da rikici ya tashi a yankinmu ke nan, ban daɗe da gama sakandare a Yendi ba. Da muka ratsa Yendin na ɗaga kai na hangi rufin makarantarmu ta tsakanin katakai, Mma ta sake danna ni.

Bawku muka sauka, gidan Kawu, ƙanen Mma. Baba ya rasu tun ina firamare, saboda haka mu biyu ne, da ƙunshin tufafi da tukunya ɗaya. Kawu ɗan kasuwa ne, yana sayen masara da gero yana kaiwa kudu, kuma yana ajiye gangunan dizal a bayan gida saboda lorinsa. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, wannan ba zan ɓoye ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Hajiya, ta share mana ɗaki, ta ba mu katifa, ta yi ta tura mana abinci. Ni ina ci. Mma ba ta ci. Takan zauna a tabarma ta zuba wa bango ido, idan an yi magana ta ce "to", shi ke nan.

A Salaga Mma na da lambu a bayan gida, kusa da rijiyarmu. Garinmu garin rijiyoyi ne, duk inda ka juya akwai ɗaya. Ban san lambun ne ke riƙe da ita ba sai ranar da ta leƙa bayan gidan Kawu ta ga wani fili tsakanin katanga da bishiyar darbejiya, ta ce masa, "Wannan wurin, akwai mai shi?" Ita ce doguwar maganar da ta fara yi tun zuwanmu. Kawu ya ce, "Yaya, naki ne." Ta kwance bakin zaninta, ashe ta ƙullo iri tun daga gida: yakuwa, kuɓewa, alayyafo. Ta tara toka da sharar tsakar gida ta zuba, ta ja kunya, ta shuka. Kafin a jima wurin ya yi kore, ita kuma ta fara cin tuwo, ta fara yi mini faɗa a kan wanke-wanke. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na lokacin ba.

Sai ganga ɗaya ta ci tsatsa ta ƙasa. Babu wanda ya lura, ta yi ta tsiyaya cikin dare da rana har ta ƙare, kuma filin gangare ne, man ya bi kunyoyin Mma ɗaya bayan ɗaya kamar an ja masa hanya. Da safe ta fita da bokiti, ta dawo da shi a cike. Ta ajiye, ta shiga ɗaki, ta zauna a tabarmar nan. Ni da na fita dubawa ban kai wurin ba, warin ya tare ni a lungu, na ji katakon lori a kumatuna, na durƙushe.

A gidanmu, kamar kowane gidan Musulmi, idan ƙazanta ta taɓa ƙasa an san abin yi. A kwashe, a kwarara ruwa, a rufe da yashi mai tsabta. Hajiya mace ce mai tsabta har ta wuce misali, kuma ta so ta faranta wa Mma rai. Ta sa aka kankare baƙar ƙasar sama, wadda Mma ta ciyar da toka da shara, aka kai bola. Aka yi ta kwarara ruwa. Aka kawo farin yashi daga rafi aka shimfiɗa. Da ta ga ba abin da zai sake tsirowa, sai ta ce a yi wa wurin daɓe, ya zama wurin shanya. Matan unguwa suka taru da madaɓansu, aka kawo jar tsakuwa, aka jiƙa makuba, aka dama koko aka soya ƙosai. Yini guda suna bugu suna waƙa. Daɓen ya fito ja wur, sumul, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Duk wadda ta shigo sai an kai ta ta gani. Ni ina ɗaki na toshe hanci da mayafi, Mma na kallon bangonta.

Da bazara ta kama, warin ya keto daɓen ya fito. Da zarar rana ta take sai ya tashi, ya shiga ɗakuna, ya shiga ruwan randa. Kawu ya shanya masara a kan daɓen, mai saye daga kudu ya damƙi tsaba ya shinshina ya mayar, ya ce shi masara ya zo saye ba man lori ba. A daren ranar Kawu ya ce shi ya gaji. Idan lorinsa ta dawo daga Togo za ta zo da siminti, a malale wurin gaba ɗaya, a mai da shi ma'ajiyar ganguna. Mma ta ji. Ta kwanta ta juya mana baya. Na san idan siminti ya hau filin nan, Mma ba za ta sake tashi daga tabarmar ba. Babu wani fili a gidan, kuma ita ba macen da za ta je roƙon ƙasa a wurin baƙi ba ce.

A lokacin ne na tuna da Masta, malaminmu na aikin gona a Yendi. Mutumin kudu ne, gajere, Hausarsa ta kasuwa ce, komai a wurinsa namiji ne. Wata rana ya shigo aji da gwangwanayen madara biyu cike da ƙasa, ya zuba wa kowanne cokalin baƙin mai. Ɗaya ya danne ya rufe. Ɗayan ya zuba masa kashin kaji ya gauraya, ya ɗan yayyafa ruwa, ya sa muna juya shi da tsinke duk mako. Muna yi muna dariya. Ya bar Turanci ya koma Hausa don ya tabbata mun ji, ya ce, "Ku yi dariya. Ƙasa yana da rai. Ƙasa yana ci abinci."

Abin da ya koya mana shi ne, a cikin kowane damƙi na ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, sun fi mutanen kasuwa yawa nesa ba kusa ba. Wasunsu mai suke ci. Dafin da ke kashe shuka su abincinsu ne, suna cinye shi su mai da shi iska da ruwa. Sai dai mai a wurinsu tuwo ne kawai. Kafin su gina jiki su hayayyafa suna bukatar miya, wato sinadaran da ke cikin taki, ya kira sunayensu, naitirojin da fosfaras. Idan mai ya yi yawa sukan faɗa masa da ci, nan da nan su ƙarar da 'yar miyar da ke ƙasar, su tsaya cak da gayan tuwo tuli a gabansu. Ba sa mutuwa lokaci guda. Sukan ƙanƙance, su daina haihuwa, su kwanta kamar gaiwa a busasshiyar laka, tana cin jikinta tana jiran ruwa. Kuma suna bukatar iska kamar mu. A ƙarshen zango ya buɗe gwangwanayen. Wanda aka rufe yana nan da warinsa kamar jiya aka zuba. Ɗayan ƙamshin gona yake yi. Ni dai don jarrabawa na haddace, na ci, na manta.

Ina kwance kusa da bayan Mma sai na ga abin da muka yi. Mun kankare musu miyar mun kai bola. Mun ba su yashin rafi wanda babu komai a cikinsa. Sannan muka taru muka daɓe musu ƙofa da waƙa. Duk da kyakkyawar niyya.

Washegari na sami Kawu yana shan shayi a zaure, na durƙusa na gaishe shi. Tun da muka zo ban iya ɗaga murya gaban namiji, ko tari mai ƙarfi aka yi sai gabana ya faɗi. Na ce, "Kawu, filin Mma. Ina so a ba ni shi kafin siminti ya zo."

"Ki yi me da shi, 'yata?"

"In fasa daɓen, in zuba taki."

Ya ajiye kofi. Bai yi fushi ba, tausayi ma na gani a fuskarsa, kuma shi ya fi ba ni haushi. Ya ce, "Ƙasar nan ta mutu. Ba a ba gawa abinci."

Na ce, "Ba ta mutu ba, Kawu. Yunwa take ji."

Hajiya na bakin ƙofa da tsintsiya. Ta ce, "Wane daɓe? Nawa? Wanda matan unguwa suka karya ƙugu a kansa? Alhaji, ka ji abin da boko ke yi ko? An tsarkake wuri, ita kuma za ta kwaso mana kashi ta zuba a bayan ɗaki."

Kawu ya ce in je in taya Hajiya aiki, zancen ya ƙare.

Na taya ta aikin. Na yi wanke-wanke, na share tsakar gida. Da hantsi ya yi na ɗauki digar da ke jingine a bayan rumbu, na ɗaure hanci da ɗankwali, na nufi bayan gida. Ban jira an fita unguwa ba. Na so a gan ni. Bugun farko ya zame bai yi komai ba. Na biyu ya tsaga. Na uku ya ɓalle ɓawo guda, warin ya taso ya buge ni a fuska kamar mari. Na yi amai a gindin katanga. Na goge baki, na koma.

Hajiya ta fito da gudu tana salati. "Ke! Ke 'yar Salaga! Aljanu ne suka hau ki?"

"Lafiyata ƙalau, Hajiya."

"Lafiya ƙalau ake fasa wa mutane daɓe? Ajiye digar nan!"

"Ba zan ajiye ba."

Ni kaina na yi mamakin jin maganar daga bakina. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Wata tsohuwa da ta yi bugu a ranar daɓen ta ce, "Ku bar ta, wanda ya ga abin da suka gani a hanya ba ya dawowa daidai." Wannan ta fi zagin Hajiya ciwo. Na ɗaga digar na sauke da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Ban haukace ba. Tsoro nake ji, kuma mai jin tsoro ba mahaukaci ba ne.

Kafin a kira Kawu daga kasuwa na fasa kusan rabi, daga katanga zuwa saitin darbejiya. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ya tsaya ya dubi ɓarnar, ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakinmu inda ba motsi. Ya ja layi da ƙafarsa a inda na tsaya. Ya ce, "Nan ne iyakarki. Wanda kika fasa ki yi wasanki da shi. Ranar da siminti ya sauka, duka zai rufe, kuma kada in ji kuka." Na ce na ji. Ban ce na yarda ba.

Daga nan na zama 'yar kwasar kashi. Kullum da sassafe in ɗauki daro in tafi kara, inda ake sayar da shanun da ake korowa daga Burkina. Dillalai suka san ni. Wani mai jan rawani, duk ranar da ya gan ni sai ya ce, "Madam ta iso! Ku ba ta hanya, ofis za ta." Wani ya ce, "'Yan mata, aji nawa ake yi kafin a kai ga wannan aikin? In sa 'yata." Ranar farko na sunkuyar da kai, hawaye na zuba cikin daron. Daga baya na koyi amsawa. Na ce wa mai rawanin, "Baba, ai shanunka sun fi ka amfani, su ko ba a saye su ba sun ba da wani abu." Karar ta kwashe da dariya, shi ma ya yi, ya ce bakin 'yan Salaga sai su. Tun daga ranar yakan tara mini busasshe a gefe.

Na haƙa ƙasar har gwiwa, na farfasa ta, na gauraya da kashin shanu. Na roƙi ɓawon gyaɗa wurin masu ƙuli-ƙuli na zuba don kada ta sake dunƙulewa ta hana iska shiga. Kashin kaji ya fi ƙarfi, Masta ya faɗa, amma da na nufi akurkin Hajiya ta ce ko kashin kajinta ba zan taɓa ba. Na je gidan maƙwabta. Bayan 'yan kwanaki in juya ƙasar da fartanya, in yayyafa ruwa. Kowane juyi sai warin ya taso, kowane juyi sai na koma cikin lorin nan, in ji hannu a ƙeyata. Nakan tsaya in kama katanga har ya wuce. Wani lokaci nakan yi magana da su, halittun da ban taɓa gani ba. In ce, "Ga miya na kawo, ku tashi ku ci, kada ku kunyata ni."

Gaskiya ban san ko daidai nake yi ba. Masta da cokali ɗaya ya yi nasa a cikin gwangwani, ni ganga guda ce ta zube mini. Ban san yawan takin da ake bukata ba, ban san tsawon lokacin ba, kuma ba wanda zan tambaya. Makarantar a rufe take a lokacin, ban ma san inda Mastan ya gudu ba. Da na gaji da jira na binne 'yan ƙwayoyin wake don gwaji. Suka tsiro rawaya, suka lanƙwashe, suka mutu. Hajiya ta zo wucewa da kwandon shanya, ta tsaya ta ce, "Allah ya jiƙan wake. Yaushe ne sadakar uku?" Na ɗauki daro. Na ƙaro taki.

Wata safiya ina yayyafa ruwa sai na ji murya a bayana. "Kin cika ruwa."

Mma ce, tsaye a lungu, ta dafa bango. Ta rame har zaninta ya zagaye ta sau biyu. Ta ce, "Jiƙa shi za ki yi kamar garin dambu. Ki damƙa ya dunƙule, ki saki ya warware. Wannan ai kunu kike damawa." Ta juya ta koma ɗaki. Na tsaya da bokiti a hannu ina kuka ina dariya. Kuma gaskiyarta, ruwa idan ya yi yawa shi ma iskar yake korewa.

Kajin Hajiya ne suka fara ba da shaida. Tun ranar da man ya zube ba sa zuwa bayan gida, ko tsaba aka watsa. Sai ga su wata rana a kan rabina suna tono, suna fizgo gwazarma da tana. Kan daɓen kuwa ko ɗaya ba ta hau ba, sai dai ta zagaye. Na tura hannu cikin ƙasar na ji ɗumi kamar jikin mai rai. Na ɗebo na kai hanci a hankali, ina jiran marin. Warin na nan, amma ya ja baya, wani ƙamshi ya shiga gabansa, irin na gona bayan yayyafin farko. Waken da na sake binnewa ya fito kore. Ban gaya wa kowa ba. Hajiya ta ga kajin, ta kore su da tsintsiya, suka dawo.

Lorin Kawu ta lalace a hanya ta daɗe, wannan ya taimake ni, ban kuma yi addu'ar a gyara ta ba, Allah ya yafe mini. Amma ta dawo. Farkon damina, da rana tsaka, ta tsaya a ƙofar gida da buhunan siminti, direba ya bar injin na ruri. Kawu ya shigo bayan gida da magini, wani dogon Bakusashe, ɗan ƙabilar yankin, mai yawan barkwanci, da shebur a kafaɗa. Ina tsakiyar filina da fartanya.

Kawu ya ce, "To, 'yata, wasa ya ƙare. Fito."

"Ba zan fito ba, Kawu."

"Na ce ki fito!"

Bai taɓa yi mini tsawa ba sai ranar. Tsawar ta haɗu da rurin injin da hayaƙin da iska ke kawowa, sai na tsinci kaina zaune daɓas a cikin taki. Su sun ɗauka taurin kai ne. Na bar su a haka. Na riƙe fartanyar da hannu biyu, na ce, "Ka ɗebi ƙasar nan ka shinshina. Sannan a fasa can ka shinshina. Idan ɗaya ne, ni da kaina zan kwaɓa simintin."

"Ni za ki sa shinshinar kashi?"

Maginin ya ce, "Alhaji, ni dai dole in duba ƙasa kafin in zuba, ko da Madam ko babu Madam." Ya kafa shebur a gefena ya juyo baƙar ƙasa, tana ɗaya ta faɗo tana murɗawa. Ya ce, "Wannan gona ne." Ya taka zuwa daɓen Hajiya, ya sari gefe da bakin shebur ya ɓanɓaro. Farin yashin da ke ƙasa ya zama ruwan toka, yana maiƙo. Ya ja da baya yana fifita hanci, ya ce, "Kai! Wannan a tace a zuba wa lori, zai kai Kumasi."

Kawu bai yi dariya ba. Ya tsuguna, ya tattare babbar rigarsa, ya ɗebi na can ya kai hanci ya yar. Ya zo ya ɗebi nawa. Ya daɗe da shi a tafin hannu yana murzawa. Ya ce, "Har yanzu akwai wari."

Na ce, "Akwai. Ba su gama ci ba."

"Su wa?"

Sai ga Mma ta fito. Ba ta dubi kowa ba. Ta ratsa tsakanin Kawu da magini, ta shigo filin da ƙafa ba takalmi, ta tsuguna kusa da ni, ta kwance bakin zaninta. Ashe ba duka irin ta shuka ba wancan karon. Ta soka yatsa a ƙasa, ta jefa ƙwayar kuɓewa, ta rufe. Ta matsa gaba ta sake sokawa.

Kawu ya ce, "Yaya."

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ka zuba simintinka. Ka fara ta kaina. Bayan nan da kake gani shi ya goya ka, zai iya ɗaukar buhu."

Lori na ta ruri a waje. Kawu ya miƙe, ya kakkaɓe hannu, ya juya ya daka wa direba tsawa ya ce ya kashe injin nan yana ƙona masa mai a banza. Da injin ya mutu na ji numfashina ya dawo. Ya ce wa magini ya malale daga layin darbejiya zuwa can, ya bar nan. Ya ƙara da cewa a ɗora gangunan a kan dakali, a yi masa baki, kada wani abu ya sake gangarowa. Bai ce na yi daidai ba, har yau bai faɗa ba.

Na roƙe shi a bar ni in fasa ɗaya rabin ma kafin a rufe. Ya ce in gode wa Allah da abin da na samu. Aka malale shi da mansa a ciki. Duk bazara idan rana ta take, warin kan fito ta tsagar simintin, in tuna halittun nan suna can ƙasa a kwance, da tuwo tuli a gabansu ba miya.

Kuɓewar ta yi, yakuwa ma ta yi. Amma na hana a ci ta shekarar. Ban tabbata abin da saiwa ta tsotso ba, can ƙasa inda digata ba ta kai ba warin na nan da ƙarfinsa. Mma ta yi ta faɗa, ta ce ita ba ta taɓa shuka don ado ba, ta ce bokona ya fara isarta. Na tuge su duka na kai bola tana zagina, na sake haƙawa, na sake zuba taki. Tana zagin tana miƙo mini daro. Sai a damina ta biyu muka ci.

Hajiya ba ta yafe mini daɓenta ba. Duk baƙuwar da ta zo sai ta nuna mata wurin ta ce, "Nan da wani daɓe ne, ja wur, wata 'yar boko ta fasa." Mutane sun ce in ba ta haƙuri, ko don zaman gida. Nakan gaishe ta da ladabi, in yi mata aiki, in tsinko mata yakuwa idan ta aiko. Amma haƙurin daɓe ban bayar ba, kuma ba zan bayar ba. Kwanan baya na tarar da daro a bakin filin, cike da sharar akurki. Na tambayi wanda ya ajiye. Hajiya ta ce ita dai ta share wa kajinta ɗaki ne, kuma bola ta yi mata nisa.